Mashin Ɗin Baba Ba Ya Jin Sanyi

Surukina ya rasu a Roni ranar wata Laraba da hantsi, bayan wani zazzaɓi da shi kansa bai ɗauka a bakin komai ba. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa kabari.

A zaman makoki suruki ba shi da wurin zama na kirki. Ba ɗa ba ne da za a miƙo masa hannu a yi masa gaisuwa, ba kuma baƙo ba ne da zai yi addu'a ya shafa ya tashi. Aikina shi ne gyara tabarma da jera takalma da cika butoci. Mai irin wannan aiki kuwa ba wanda yake rage murya dominsa, saboda haka kusan duk abin da aka faɗa a kan Baba a gindin darbejiyar ƙofar gidansa ya shiga kunnena.

Wani sa'ansa da suka yi karatun allo tare ya share ido da bakin rawani ya ce, "Mutumin kirki ne, ba shi da abokin faɗa. Sai dai mashin ɗin nan, Allah Ya yafe masa." Aka ce amin, har da waɗanda ba su san laifin mashin ɗin ba.

Masu injin niƙa sun zo daga Gwiwa da Yankwashi da ƙauyukan da ke tsakani, kowa da labarin ranar da injinsa ya tsaya mata sun yi layi da ƙwarya, Baba ya zo ya tashe shi. Wani dattijon Bafulatani ya ce shanunsa sun san ƙarar mashin ɗin Baba, don in ya hango garke tun daga nesa yake sakin wuta ya lallaɓa ya wuce, ba kamar yaran yanzu ba. Yaran yanzun ma sun zo. Samari ne daga Kazaure a kan manyan mashina, suka kashe su tun daga bakin masallaci, suka turo su da hannu har ƙofar gida. Ban taɓa ganin an yi wa mamaci irin wannan ladabi ba, kuma na ga dattawa sun rasa yadda za su yi da fuskarsu.

Washegari wani magidanci ya sauko daga motar haya yana dogara sanda, ƙafarsa ɗaya a shanye. Daga Kanya Babba yake. Ya yi addu'a ya shafa, sannan ya ce in ba damuwa yana so ya ga mashin ɗin.

Yaya, babban wan matata kuma ɗan farin Baba, shi ke zaune kusa da Baffa, ƙanin marigayin, yana karɓar gaisuwa. Bai ɗaga kai ba ya ce, "An rufe shi."

An kuwa rufe. Ana dawowa daga maƙabarta, ko ruwa bai sha ba, Yaya ya sa aka jawo tampol aka lulluɓe mashin ɗin a zaure, aka danne gefensa da duwatsu. Duk dangi sun san dalili. A kan mashin ɗin nan suka saɓa da Baba, kuma Baba ya tafi ba su shirya ba. Da aka ce jikin ya yi tsanani Yaya ya taso daga Kano, ya iso ya tarar ana wanka. Bai samu ya durƙusa ya nemi gafara ba. Yana zaune yana ta "amin, amin, mun gode," amma abin da ke cinsa shi ne mahaifinsa ya shiga kabari yana fushi da shi. Abinci yadda aka kawo masa haka ake mayarwa.

Na zauna rubuta wannan ne don na san mutanenmu. Nan da 'yan shekaru abin da za a tuna a Roni shi ne tsoho mai kwarangwal, jikokinsa, har da nawa 'ya'yan, su ji ana dariya ba su san kan zancen ba. Ni tela ne a Kazaure, ba marubuci ba. Abin da na gani zan faɗa.

Sana'ar Baba gyaran injin niƙa da na ban-ruwa. Ya yi ta tun ana zuwa ƙauye a kan keke, ya bar ta da gwiwa ta fara ƙi. Mutum ne marar yawan magana, amma yana da wata tambaya guda da duk gidan suka haddace. In ya ga abu, sai ya nuna shi da leɓe ya ce, "Wannan me yake yi?" In an ba shi amsa, abin ya tsira. In aka yi shiru, ya tafi ke nan. Ƙyauren wani tsohon kabad na Inna, surukata, haka ya tafi, wai ba abin da yake tsarewa sai kyankyaso. Ni ma ban tsira ba. Babbar rigar farko da na ɗinka masa bayan aurena na zuba mata aiki har gadon baya, ina neman suna. Ya aiko matata da ita, wai ya gode, amma a tambaye ni zaren nan duka me yake yi. Matata ta mayar masa da ita, amma ban taɓa ganinta a jikinsa ba. Tun daga nan rigunansa ba aiki, sai aljihu mai zurfi da zai ɗauki sifana.

Shekaru da yawa tsakanina da shi gaisuwa ce kawai. In cire takalmi tun daga waje, in tsuguna, "Baba, kun wuni lafiya?" Ya amsa yana kallon wani wuri, ya tambayi yara, in tashi. Ba mu taɓa haɗa kwano ba, ba mu taɓa haɗa ido ba. Haka ake yi, kuma ba wanda abin ya dama.

Mashin ɗin ya shigo gidan ne a bayan a-kori-kura, a kwance kamar sa da aka ɗaure. Irin na tsere ne, wanda injinsa ya kusa na ƙaramar mota, an rufe shi da shuɗiyar roba tun daga goshi har wutsiya. Robar duk ta farfashe, kan ya karkace, fitilu sun zube. Wani dillali a Babura ne ya ajiye shi ya rasa mai so, Baba ya ba da bijimin da yake kiwo ya ɗauko. Inna ta leƙo zaure ta duba, ta ce ita dai ta san bijimi yana tafiya da ƙafarsa.

Bai taɓa shi ba sai da ya yi wani abu da har yau nake tunawa. Ya bincika wanda ya faɗi da shi, aka ce wani ne a Kanya Babba, ya rayu amma ƙafa ta tafi. Baba ya shiga motar haya ya je har gidansa. Mutumin nan, wanda ya zo makoki da sanda, shi ya ba ni labarin daga baya. Ya ce yana kwance a soro sai ga tsoho da sallama, ya yi masa jaje, sannan ya ce, "Mashin ɗinka yana wurina. Zan tuɓe shi, zan yanke wasu wurare. Na ce bari in zo ka ji daga bakina." Shi kuma ya ce masa, "Ai Baba, na riga na sayar, ba nawa ba ne." Baba ya ce, "Na sani. Amma kai ya kayar."

Daga nan zaure ya tashi daga zaure. Baba ya shimfiɗa buhu, ya kwance robobin ɗaya bayan ɗaya, kowacce sai ya juya ta a hannu ya yi mata tambayarsa. Ba wadda ta amsa. Manyan ya ba maƙwabta suna zuba wa kaji dusa, har yau akwai kajin da ke ci a shuɗiyar roba a unguwar. Farantan Inna na silba suka dinga ɓacewa daga madafi, sai a gan su a zaure cike da noti ko fetur na wanke kaca. Ta yi magana ta gaji. Ranar da ta tarar da ludayin miyarta a cikin baƙin mai ta ce ya zaɓa, ko ita ko ƙarfe. Ya ce ƙarfen ba ya mita, amma bai iya tuwo ba, saboda haka su zauna duka.

Abin da ya fi ba shi haushi kan mashin ɗin ne. Irin waɗannan an yi musu hannu ƙasa-ƙasa, mai hawa sai ya kwanta a kan tanki, gindinsa a sama. Baba ya gwada sau ɗaya a zaure ya sauka yana riƙe da ƙugu. Ya ce shi ruku'u a masallaci yake yi. Ya samo miƙaƙƙen ƙarfen hannu mai faɗi ya ɗora a sama, ya sake jan wayoyin birki da na kuloci don su kai. Fitilun nan biyu masu kama da idon mage ya yar, ya sa guda ɗaya zagayayya. Ya rage tsawon salansa, ya datse wutsiya, ya tattara tulin wayoyin da roba ke ɓoyewa ya naɗe su ya cusa ƙarƙashin tanki, don ya ce in ka tuɓe abu dole ka gyara abin da riga ke rufewa. Wannan maganar ta tela ce, na kuma ji daɗinta. Aikin ya ci damina guda da rani, don ba ya gaggawa, kuma in noti ya ƙi kwantuwa sai ya ɗiga masa mai ya tafi gona.

Wurin zaman mashin ɗin ne ya shigo da ni. Ya aiko a ce in zo da almakashi da allurar buhu. Na zo na tsuguna a bakin zaure kamar kullum. Ya ce, "Tela, daga nan za ka auna?" Ranar na fara shiga zauren na zauna a kan buhu ɗaya da surukina. Na yanka soso, na ɗinka masa baƙar fata, mazaunin mutum ɗaya. Na ce, "Baba, ba za ku bar wurin goyo ba?" Ya ce duk wanda ya goya a kan wannan, in ya kai shi gida sai an yi masa tofi. Tun daga nan, in yana son a riƙe masa wani abu ni yake aika wa. A zaure muna magana kamar mutane. Da na fito ƙofar gida sai mu koma suruki da suruki, in tsuguna in yi sallama kamar ba yanzu muka gama jan ƙarfe tare ba.

Da ya gama ya fesa masa baƙin fenti marar ƙyalli. Ni a idona ya yi kyau, irin kyan abin da ba ya ɓoye komai: ga inji, ga lagireto, ga ƙashin ƙarfe a fili. A idon Roni kuwa tsirara ne. Ranar da ya fara fita da shi yara suka bi shi suna "kwarangwal, kwarangwal." Dattawa a majalisa suka yanke hukunci cewa kuɗi ne suka ƙare masa kafin ya sayi murfi, suka dinga yi masa addu'ar Allah Ya hore ya ƙarasa. Yana amsa amin, ba ya gyara musu.

Tafiyarsa ta farko mai nisa Kanya Babba ce. Ya tsaya a ƙofar gidan mutumin nan ya bar injin yana kuka a hankali har ya fito. Mutumin ya ce min da ya ji muryar injin ya gane shi, da ya gan shi bai gane shi ba. Baba ya sa aka tallafa masa ya hau, shi kuma ya riƙe mashin ɗin daga gefe, ya ce ya murɗa wuta ya ji. Ya murɗa. Ya ce tun faɗuwarsa ko ƙarar mashin ya ji a titi sai gabansa ya faɗi, amma ranar, yana zaune a miƙe, tsoho na riƙe da shi, ya murɗa har sau nawa bai sani ba, ya yi kuka a gaban matarsa. Baba ya jira ya gama, ya sha ruwa, ya hau ya dawo.

Yanzu sai maganar Yaya. Wanda ba ɗan nan ba sai an yi masa bayani. Gidan Baba suna da jinin Fulani, kuma kunyar ɗan fari a wurinsu ba wasa ba ce. Tun da aka haifi Yaya, Baba bai taɓa kiran sunansa ba, bai ɗauke shi a gaban mutane ba, bai yaba masa ba. A gidan kakarsa ya tashi. Da ya girma ya kafa shago a Kano, sunansa a bakin Baba ya zama "mutumin Kano." In suna zaune wuri ɗaya, Baba ba ya yi masa magana kai tsaye, sai ya juya ga wanda ke kusa ya ce, "Ka tambayi mutumin Kano ya kasuwa." Inna ma haka. Matata, wadda auta ce, har kan gadon Baba take zama ta karɓe masa goro. Yaya kuwa ko ruwa ya kawo sai dai a ce ya ajiye. Ya san al'ada ce, kowa ya sani. Amma na lura sanin abu al'ada ne ba ya hana shi ciwo.

'Yan Roni da ke zuwa sari Kano su suka kai masa labari, kuma ba su kai shi da daɗi ba. Wai ga shi da shago cike da kaya, mahaifinsa na yawo a kan kwarangwal ko murfi babu. Yaya mutum ne mai gudun abin kunya, kuma a ganina ya ɗauka ga wata ƙofa ta samu da zai yi wa mahaifinsa abin da zai gani da ido kullum. Ya sa aka nemo masa cikakkiyar rigar mashin ɗin, sabuwa dal, ja wur. Ya sha wahala kafin a same ta. Da babbar salla ya zo da ita a cikin wani ƙaton kwali, aka shigo da shi zaure, Baffa na nan, ni ma ina nan, da wasu maƙwabta da suka zo barka da salla.

Yaya ya durƙusa ya buɗe kwalin. Robar tana sheƙi har ana ganin fuska. Maƙwabta suka ce ma sha Allah, Allah Ya yi albarka. Baba ya duba sau ɗaya, bai miƙa hannu ba. Ya juya wajen Baffa.

"Ka ce wa mutumin Kano mashin ɗin ba ya jin sanyi."

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta. Da Yaya ya yi shiru da an wuce wurin. Amma ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya yi wa mahaifinsa magana kai tsaye, a gaban mutane.

"Baba, magana ake yi da mu. Ana cewa mun kasa rufa muku asiri."

Baba ya ce wa Baffa, "Asirina a rufe yake. In kallon ne ke damunsa, ya daina kallo."

Yaya ya tashi ya bar kwalin a buɗe. Ko naman salla bai tsaya an soya ba, ya koma Kano. Baffa ya yi wa wansa faɗa iya yadda ƙani zai iya, ya ce yaro ya kawo alheri an watsa masa ƙasa a ido. Baba ya rufe kwalin ya ja shi cikin gida.

Bayan sallar da kaɗan ya aiko in zo. Na tarar da shi da zarto da magagari. A jikin ƙashin mashin ɗin akwai 'yan ƙananan ƙarafa masu huda da ake ɗaure roba a kansu, shi yana kiransu kunnuwa. Ya ce in riƙe. Ya yanke su ɗaya bayan ɗaya, ya goge wurin har ya yi sumul, ya shafa fenti. Na riƙe, don ba hurumina ba ne in hana, amma raina bai so ba. Labarin ya isa Kano kafin fentin ya bushe. Yaya ya fahimce shi yadda kowa zai fahimta: an toshe ƙofar har abada. Ya ci gaba da aiko da shinkafa da magani, yana zuwa ya gaisa daga bakin ƙofa ya juya, amma bai sake shiga zauren ba.

A cikin kwanakin ne na ga wani sabon abu a jikin mashin ɗin. Wata 'yar roba ce baƙa, ba ta fi tafin hannu ba, an lanƙwasa ta an ɗaura a saman fitila da noti biyu. Ba ta tare iska, ba ta rufe komai. Na ga dama ta samu in rama rigata. Na nuna ta da leɓe yadda yake yi, na ce, "Baba, wannan me yake yi?"

Ya dube ni, karo na farko da na ga ƙwayar idonsa sosai. Ya ce, "Miƙo min sifana."

Na ɗauka guntun tsohuwar shuɗiyar robar ce ya yi wa fenti, tsufa ya sa shi ma ya fara son kwalliya. Na dai lura da wata sabuwar ɗabi'a. Duk lokacin da zai fita, kafin ya yi bisimilla ya tayar, sai ya kama hannun rigarsa ya goge 'yar robar nan. Tanki na iya yin ƙura, madubi na iya yin ƙura, ita ba ya bari. Haka ya yi ta yi har zazzaɓin ya kwantar da shi.

Bayan an yi sadakar arba'in Yaya ya zo da mai walda daga Kazaure, da injinsa a bayan mota. Ya gaya wa Baffa shawarar da ya yanke: a mayar da kunnuwan, a sa wa mashin ɗin riga, a kai shi Kano a sayar a zuba a gado. Ya ce ba zai iya shigowa gidan nan yana ganinsa haka ba. Baffa ya ce, "Kai ne babba yanzu." Ni ba a tambaye ni ba, ba kuma za a tambaye ni ba. Na ji zafi, don na san aikin da aka yi a jikin ƙarfen nan, amma suruki ba shi da baki a kayan gado. Aka ce in taimaka a yaye tampol, na yaye.

Aka shiga neman kwalin. Yaya ya ce a duba ɗakin awaki, a can yake tsammanin an jefa shi. Matata ta ce ba ya can, yana ɗakin Baba, a ƙarƙashin gado. Aka fito da shi an lulluɓe shi da wata tsohuwar riga, na kuwa gane ta, ita ce mai aikin nan da na fara ɗinka masa. Mai walda ya dinga fito da robobin yana jerawa a kan tabarma, kowacce da ledarta, ko ƙwarzane babu. Da ya zo kan babbar, ta gaba, sai ya tsaya.

"Alhaji, wannan ai an yanke ta."

A tsakiyarta akwai rami, an yanka shi da kyau, an goge bakinsa. Yaya ya karɓa ya duba. Ya ce a hankali, "Bai ishe shi ya ƙi ta ba, sai da ya lalata ta."

Inna tana takaba, ba ta fitowa zaure. Amma tana tsaye a bayan labulen ƙofar da ke shiga cikin gida, kuma ta ji. Ba ta yi wa Yaya magana ba, don ba ta taɓa yi ba. Sai ta kira matata.

"Auta, ki ce wa yayanki ya duba goshin mashin ɗin."

Yaya ya tsaya kamar bai ji ba. Sannan ya ɗaga robar da ke hannunsa ya kara ramin da 'yar baƙar robar da ke saman fitila. Ya ajiye. Ya ciro makullin motarsa ya kankare gefenta kaɗan. Baƙin fentin ya tashi. Ƙarƙashinsa ja ne wur.

Daga bayan labule Inna ta ci gaba, har yanzu da matata take. "Da hannunsa ya yanka. A garwashina ya gasa ta ya lanƙwasa, ya ƙona yatsa. Ya ce rigar ba zai sa ba, amma abin da yaron ya kawo ba zai kwana a kwali duka ba. Na ce to ka bar ta ja mana, ya gani. Ya ce in ya bar ta ja, ai duk gari ne za su gani. Na ce to ka gaya masa. Ya ce da wane baki."

Mai walda, da ya ga abin ya fi ƙarfin walda, ya fita ya tsaya wajen motarsa. Baffa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ni kuwa tambayata ce ta dawo min, da amsar da aka ba ni ta miƙo sifana. Mutumin da ya cire ƙyauren kabad, ya yanke wutsiyar mashin, ya mayar min da riga saboda zare, ya bar abu ɗaya tak da ba ya aikin komai, ya sa shi a inda idonsa zai sauka duk tsawon hanya. Na yi kewarsa a lokacin fiye da ranar da aka binne shi.

Yaya ya zauna a kan buhun da muke zama, a gaban mashin ɗin. Da ya yi magana, matata ya yi wa. "Ki ce wa Inna na ji." Daga baya ya ce a kawo masa abinci, ya ci a nan zauren.

Ba a yi waldar ba. Magada suka yarda mashin ɗin ya shiga rabon Yaya, shi kuma ya bar shi a Roni, a inda yake, ba tampol. Ya aika aka gaya wa mutumin Kanya Babba duk ranar da ya ga dama ya zo ya gan shi. Yaya bai iya hawa ba, kuma ba shi da niyyar koya. In ya zo daga Kano ni yake aika wa in zo in tayar da injin ya ɗan yi zafi, mu zauna mu saurara, a kashe. Har yanzu a majalisa ana cewa Allah Ya jiƙan Malam, bai samu ya ƙarasa mashin ɗinsa ba. Mun daina gyara musu, mu ma amin muke cewa.

Allah Ya gafarta wa Baba, Ya sa ya tarar da abin da ya aikata na alheri ya fi abin da ya faɗa yawa, Ya haɗa shi da mutumin Kano a inda ba a jin kunyar kiran suna.

Zuwan Yaya na baya-bayan nan na zo da ɗan gwangwanin baƙin fenti a aljihu, na ce bari in shafe wurin da makulli ya kankare, kada ya ci gaba da ɓarewa. Ya ce in mayar da shi aljihu. Ya kama hannun rigarsa, farar shadda sabuwar guga, ya goge 'yar robar, sannan ya ce in tayar.